Gargaɗi ga maƙwabtan Yankari: hayaƙin ƙunar daji na tafe, a tsare ƙirjin yara da tsofaffi

Jama'ar Alkaleri, na gundumomin Pali da Duguri da Gwana, mutanen Mainamaji, da duk ƙauyuka da rugagen da ke zagaye da dajin Yankari, da direbobin da ke bin hanyar Bauchi zuwa Gombe: ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara bushewa, lokacin da ma'aikatan daji ke sa wa jeji wuta da gangan ya zo. Daga yanzu har ƙarshen Disamba, ko ma a ɗan gota, kowane dare na iya zama daren hayaƙi. Duk gidan da ke da jariri, ko mai ciki, ko tsoho, ko mai asma, ko mai ciwon zuciya, ko mai sikila, ko wanda ke shan maganin tarin fuka, da shi ake wannan magana. Yau ya kamata a shirya. Kada a bari sai ƙauri ya shigo ɗaki, yaro ya fara tari, sannan a tashi neman abin yi cikin duhu.

Wutar da ake sa wa dajin tana da dalili, kuma dalilin mai kyau ne. Yankari fili ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, an keɓe shi tun 1956, kuma a ciki ne ragowar giwayen ƙasar nan mafi yawa suka daɗe suna samun mafaka, tare da ɓauna da gwanki da kanki da sauransu. Da damina gamba kan yi tsawo ta shanye mutum. In aka bar ta haka har Fabrairu ko Maris, ta bushe ƙayau, iska ta yi ƙarfi, to ashana ɗaya daga hannun mafarauci ko mai cin zuma ta isa ta tada gobarar da za ta lashe itatuwa har sama, ta kashe ƙananan kawo da marke, ta tsallaka iyaka ta faɗa wa dammunan dawa da rumbuna. Shi ya sa ma'aikata ke riga ta. Suna ƙona ciyawar tun tana da sauran ɗanyantaka, yadda wutar za ta ci nan ta bar can, ta mutu da kanta in raɓa ta sauka. Bayan 'yan makonni sabon tsiro ya fito, namun daji su sami abin ci a cikin dajin, masu gadi kuma su riƙa hango nesa. Haka ake yi a dajin Kainji, haka ake yi a gandun W na Nijar, haka a Mole ta Gana. Wanda ke zaune kusa da ɗaya daga cikin waɗannan, gargaɗin nan ya shafe shi shi ma.

Ba ni da ja da wannan aiki. Abin da ke damuna shi ne abin da ke biyo bayansa, wanda ba a cika zancensa ba. Ciyawar da ba ta gama bushewa ba ita ta fi hayaƙi. Kowace mace da ta taɓa hura ɗanyen ice ta san haka. Abin da ya sa wutar farkon rani ta zama mai sauƙi ga itatuwa, shi ne kuma ya sa ta zama mai turnuƙe gari. Harshen wutar kan wuce cikin mintuna, amma kututturen ƙirya da faɗaɗɗun itatuwa da busasshen kashin giwa da na ɓauna sukan kwana suna ci a ciki, wani har kwana biyu ko uku, babu harshe, sai farin hayaƙi mai kauri da ke bin ƙasa.

A cikin hayaƙin nan akwai abubuwa iri-iri, amma biyu ne suka fi haɗari. Na farko ƙananan ɓurɓushi ne da likitoci ke kira PM2.5, waɗanda sai an jera wajen 30 kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya. Tokar da kuke gani tana sauka a kan shanya da bakin randa, wannan babba ce, gashin hanci da majina sukan tare ta. Su ƙananan ido ba ya ganinsu ɗaya-ɗaya, hanci kuma ba ya tare su. Sukan zarce har can ƙarshen huhu inda iska ke haɗuwa da jini, su sa wurin ya kumbura, wasu ma su shiga jinin. Daga nan ne asma ke tashi, tari ya koma ciwon haƙarƙari, zuciyar da dama can ta gaji ta kasa, mai hawan jini ya wayi gari da shanyewar ɓarin jiki. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata ɓurɓushin nan ya wuce maikrogiram 15 a kowace kubik mita ta iska ba in aka auna yini da kwana. A garin da hayaƙin daji ya sauka, yakan kai ɗaruruwa. Na biyu kuwa iskar kabon monoksaid ce, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Ita ce ke kawo sarawar kai da jiri da kasala ga wanda ya daɗe kusa da wuta.

Kada wani ya ce ai hayaƙin ciyawa ne, ba na taya ko leda ba, kakanninmu ma sun shaƙa. Sun shaƙa, kuma da yawa sun tsufa da tarin da ba a san sunansa ba. A watan Mayun 2016, an yi irin wannan ƙuna ta rigakafi a dazuzzukan da ke kewaye da birnin Sidni na ƙasar Ostareliya. Wutar ba ta shiga birni ba, hayaƙinta ne ya lulluɓe shi na kwana shida. Da masana lafiya suka yi lissafi daga baya, sun ƙiyasta cewa mutum 14 ne suka rasu kafin lokacin da ake zato saboda hayaƙin, 58 aka kwantar saboda ciwon numfashi, 29 saboda ciwon zuciya. Wannan a birnin da ke da tagogin gilashi da motocin ɗaukar marasa lafiya da asibiti a kowace unguwa ke nan. Mu da ɗakunanmu ke da asabari a ƙofa, asibiti kuma sai an hau babur an yi tafiya, ya kamata mu fi su ɗaukar abin da gaske.

Ga kuma hunturu. Iskar da ke busowa daga arewa maso gabas tana ɗauke da ƙurar Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tun daga Nuwamba har Maris. Kafin a kunna ko ashana ɗaya a daji, ƙirjin mutanenmu ya riga ya cika da hazo, hanci ya bushe, leɓe ya tsage, maƙogwaro na ƙaiƙayi. A kan wannan ne hayaƙin zai zo ya hau. Kuma tunda iskar daga arewa maso gabas take zuwa, ƙauyukan da ke kudu da yamma da wurin da ake ƙonawa su za su fi sha da rana.

Da rana ma da sauƙi. Mutane sukan tsorata in sun hango baƙin hayaƙi ya tashi sama da azahar, alhali wannan shi ne mafi ƙarancin cutarwa, domin zafin rana na ɗaga shi sama, iska ta watsa shi. Lokacin da ya kamata a ji tsoro shi ne daga faɗuwar rana zuwa hantsi. In rana ta faɗi ƙasa takan huce da sauri, iskar da ke kusa da ƙasa ta yi sanyi ta yi nauyi, mai ɗumi ta zauna a kanta ta danne ta. Hayaƙin kututturen nan da ke ci a ciki ba shi da hanyar tashi. Sai ya riƙa gangarawa kamar ruwa, yana bin kwari da rafi da fadama, ya taru a duk inda ƙasa ta yi kwari. Kwarin kogin Gaji da rafukan da ke zuba a cikinsa hanyoyinsa ne. Gidan da ke bakin fadama zai iya kwana cikin hayaƙi alhali wanda ke kan tudu, tafiyar minti goma, bai ji komai ba. Yakan fi kauri gab da asuba, daidai lokacin da tsofaffi ke fita masallaci, mata ke fita hura wuta, almajirai ke zaman karatu a waje, 'yan makaranta kuma ke shirin kama hanya. Ba ya sakin gari sai rana ta ɗaga ta ɗumama ƙasa.

Saboda haka a juya tsarin yini a kwanakin hayaƙi. Tun kafin magariba a shigar da yara da tsofaffi ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Inda ƙofar asabari ce ko labule, a ƙara bargo ko buhu a kai, a cusa tsumma a ƙasan ƙofa da kafofin da ke tsakanin bango da rufi. Ba zai hana duka ba, amma zai rage da yawa. Da hantsi, in an ga gari ya washe, a buɗe komai iska ta ratsa ɗakin, domin hayaƙin da ya samu shiga da dare ya fita. Shara kuma a yayyafa ruwa kafin a yi ta, kuma kada a yi ta da jariri goye a baya. Aikin ƙarfi, su sussuka da sheƙa da ɗaukar dami da faskare, a bar shi sai tsakiyar rana lokacin da iska ta fi tsabta, domin mai aikin ƙarfi da baki yake numfashi, kuma yana zuƙar iska ninkin-ba-ninkin na wanda ke zaune.

Ga wurin da nake roƙon a saurara da kyau, domin a nan ne shawarar rufe ɗaki za ta iya zama ajali. Lokacin ɗari ne. Al'adarmu ce a shigo da kaskon wuta ɗaki a ji ɗumi, a sa garwashi a ɗakin mai jego, a kunna maganin sauro, a yi turaren wuta. Wanda ya toshe kowace kafa don gudun hayaƙin daji, sannan ya kwana da garwashi a ciki, ya jawo wa iyalinsa abin da ya fi hayaƙin daji saurin kisa. Gawayi yana fitar da kabon monoksaid ko da ya yi jajur babu hayaƙi ko kaɗan. A ɗakin da aka rufe ruf, iskar takan taru, masu barci ba za su ji wari ba, ba za su yi tari ba, barcin ne kawai zai ƙara nauyi, da safe a ƙwanƙwasa ƙofa a ji shiru. Janareta ma haka, ko a zaure aka ajiye shi ko a gindin taga. Don haka doka ɗaya ce ba ta da sassauci: ɗakin da aka rufe, babu wuta a cikinsa. A ɗumama shi da yamma in ana so, a fitar da kaskon, a bar ƙofa a buɗe na ɗan lokaci, sannan a rufe. A ƙara mayafi, a sa wa yara hula da safa, a kwantar da jariri a jikin uwarsa. Iyayenmu mata masu kula da jego, ku yi haƙuri da wannan, jaririn da bai yi arba'in ba huhunsa bai ƙosa ba, ba zai iya ɗaukar hayaƙin waje da na ɗaki a haɗe ba. In kuwa aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk suna ciwon kai da jiri da amai a lokaci guda, a fitar da kowa waje nan take, a nufi asibiti, kada a tsaya neman wani dalili.

Yaro ƙarami ba zai ce ƙirjina ya riƙe ba. Uwa ce za ta gani. Ki jira ya natsu, ba yana kuka ko yana shan nono ba, ki ɗaga rigarsa, ki sa ido a cikinsa, ki duba agogon waya ki ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cur. Tashi da faɗuwar ciki sau ɗaya, numfashi ɗaya ke nan. Jaririn da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60 ko fiye, numfashin ya yi sauri. Daga wata 2 zuwa shekara 1, iyakar 50 ce. Daga shekara 1 zuwa 5, iyakar 40. Ki duba ƙasan haƙarƙarinsa kuma: in wurin yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ko kafofin hancinsa na buɗewa suna rufewa, ko kina jin ƙara kamar fito a ƙirjinsa, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko leɓensa da harshensa sun sauya launi sun yi duhu, to ba a kwana da wannan a gida. Malam, in ta ce maka numfashin yaron nan bai yi mata ba, ka tada babur. A tafi asibiti mafi kusa, in sun ce a wuce babban asibitin Alkaleri ko asibitin koyarwa na Bauchi, a wuce. In za a ratsa hayaƙi a hanya, a lulluɓe yaron da mayafi mara nauyi yadda zai iya numfashi, kada a ɗaura masa takunkumi, yaron da bai kai shekara 2 ba ba a sa masa shi.

Ga manya, alamun da ba a jinkiri da su su ne ciwo ko nauyi a ƙirji, musamman in yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da haki alhali mutum na zaune, da kasa ƙarasa magana sai an tsaya an ja numfashi, da bugun zuciya da ya rikice, da karkacewar baki ko mutuwar hannu, da ruɗewa. Tsoho kan ɓoye ciwo don kada ya tada hankalin gida, sai a riƙa leƙa shi da dare. Mai asma ya duba abin shaƙarsa yau, ya tabbata akwai magani a ciki kuma bai lalace ba, ya kwana da shi a ƙarƙashin matashi. In ya shaƙa bai ji sauƙi ba, ko sauƙin bai daɗe ba ciwon ya dawo, asibiti ne. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya kada su yarda maganinsu ya yanke a wannan wata. Mai sikila ya yawaita shan ruwa ya kuma guji sanyin asuba. Mai ciki ta sani cewa abin da ta shaƙa yana shafar abin da ke cikinta, kuma an ga alaƙa tsakanin yawan shaƙar hayaƙi da haihuwar bakwaini da jariri mara nauyi. Duk wanda ke cikin waɗannan kuma gidansa na bakin kwari, in yana da dangi a kan tudu ko a wani gari da hayaƙin bai kai ba, ya je ya yi kwana biyu ko uku. Babu abin kunya a ciki.

Akwai abubuwan da ake yi da kyakkyawar niyya waɗanda ba sa magani. Shan madara ko manja bayan an shaƙi hayaƙi ba ya wanke huhu, domin abin da aka haɗiya ciki yake tafiya, hanyarsa daban da ta numfashi. Rawani da gyale da hankici, ko an jiƙa su, tokar da ake gani kawai suke tarewa, ƙananan ɓurɓushin suna wucewa. Takunkumin da ke tare su shi ne wanda aka rubuta wa N95 ko KN95 ko FFP2, shi ma sai ya kama fuska sosai babu kafa a gefen hanci, kuma gemu mai yawa na rage amfaninsa. Ko shi ba ya tare kabon monoksaid. A sami takunkumin a kemis a ajiye wa wanda fita ta zame masa dole. Kada a sayi maganin kashe ƙwayoyin cuta a sha don tarin hayaƙi ba tare da ma'aikacin lafiya ya duba ba, kada kuma a ɗura wa jariri maganin tari. Ido in ya yi ja yana yaji, ruwa mai tsabta kawai za a wanke shi da shi, ban da nono, ban da ruwan sukari, ban da murza.

Malaman makaranta da alarammomi, yara amana ce a hannunku. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, kuma in aka gwada da girman jikinsa ya fi babba zuƙar iska. Ranar da aka tashi da hayaƙi, a ɗage taron safe a fili, a hana guje-guje da ƙwallo, a jinkirta karatun asuba har rana ta fito. Almajiran da ke kwana a rumfa ko a buɗaɗɗen zaure a nema musu ɗaki mai ƙofa na waɗannan kwanaki, maƙwabta su taimaka. Limamai kuma, Allah ya gafarta malam, ku kuka fi kowa sanin uzurin mara lafiya. In daga bakinku dattijo mai ciwon ƙirji ya ji cewa zai iya sallar asuba a ɗakinsa ranar da gari ya turnuƙe, zai yarda, in daga bakin 'ya'yansa ne ba zai ji ba.

Hanya mafi sauƙi ta gane kaurin hayaƙi ita ce ido. Kowane gari ya zaɓi wani dutse ko doguwar kuka ko ƙarfen sabis da aka san nisansa. In abin da ke nisan kilomita 8 ya ɓace, masu rauni su rage fita. In na kilomita 5 ya ɓace, su zauna a ɗaki. In ba a iya ganin abin da ke nisan kilomita 1 da rabi, kowa ma ya shiga ciki, har mai lafiya. Ko hazo ne ya rufe shi ko hayaƙi, huhu bai bambanta ba.

Direbobi da 'yan acaɓa, musamman masu sammako a hanyar Dindima zuwa Mainamaji da hanyoyin da ke ratsa kwari: hayaƙi in ya haɗu da raɓar asuba yakan zama farin bango, mutum ya shiga bai ga ko bakin motarsa ba. A watan Janairun 2008, a jihar Fulorida ta Amurka, hayaƙin wata ƙunar daji da aka kunna da gangan ta kuma ƙwace ya haɗu da hazon asuba a kan babbar hanya, motoci wajen 70 suka yi karo, mutum 5 suka mutu. In kun hango hayaƙin kwance a kan titi, ku rage gudu tun kafin ku shiga, ku kunna ƙaramar fitila domin babbar dawo muku take yi a ido, ku ɗaga gilashi. In ba a gani sam, ku sauka daga kan kwalta gaba ɗaya ku jira, kada ku tsaya a tsakiyar hanya. Ku tuna da shanu da masu tafiya a ƙasa da ke cikin hayaƙin tare da ku.

Wuta na koro abin da ke cikin ciyawa. Macizai, har da kububuwa, sukan fito gonaki da bayan gida, a riƙa fita da tocila da takalmi, a duba kafin a sa hannu a ƙarƙashin dami. Wanda maciji ya sara kada a tsaga wurin, kada a ɗaure tamau, a kai shi asibiti. Na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara da wannan aiki. A hana yara bin bayan wuta don kamun gafiya da ɓera, domin toka kan rufe ramin da kututture ya cinye, ƙafa ta zurma cikin garwashi. Makiyaya su matsar da garke da maruƙa daga bakin kwari zuwa tudu, dabbar da ke ɗaure a turke ba ta da inda za ta gudu.

Sannan kada kowa ya fake da wutar ma'aikata ya kunna tasa. Mai son share gona, da mafarauci, da mai neman sabon tsiro don shanunsa, in kowa ya ce ai dama ana ƙonawa, hayaƙin kwana uku zai koma na wata uku, kuma wutar da ba mai tsaronta ita ke cin amfanin gonar mutane. Tun 2011 akwai dokar tarayya, ƙarƙashin hukumar NESREA, da ta hana ƙona daji ba da izini ba. Bola da leda da karan gona ma a dakata da ƙona su har gari ya washe.

Magana ta gaba ga hukumar dajin ce da ma'aikatanta, waɗanda ke kwana a jeji suna sa ransu a haɗari don tsare dukiyar da ta mu duka ce. Gobara ba ta sallama, amma wannan wuta ku kuke zaɓar ranarta da wurinta, don haka kuna da damar da mai kashe gobara ba shi da ita, ta gaya wa mutane kafin ta tashi. Sanarwar kwana biyu ko uku ta isa uwa ta nemo maganin ɗanta, a kai tsoho gidan 'yarsa, shugaban makaranta ya sauya tsari. A faɗi ɓangaren da za a ƙona, da ranar, da ƙauyukan da ake zaton iska za ta kai wa hayaƙin. A duba hasashen hazo na hukumar NiMet, ranar da ƙura ta yi kauri ko iska ta tsaya cik a ɗaga aikin. Na san wutar yamma ta fi sauƙin sarrafawa tunda raɓa na taya kashe ta, amma ita ce ke barin hayaƙi ya kwana a ƙasa; a wuraren da ke kusa da gari, a kunna da hantsi bayan raɓa ta bushe, a gama kafin la'asar, a ƙona kaɗan-kaɗan, a bi kututturen da ke ci kusa da iyaka a kashe su da ƙasa kafin duhu. A kauce wa ranar kasuwa. Baƙin da ke sauka a sansanin Wikki a gaya musu tun a ƙofa, domin a cikinsu akwai masu asma da ƙananan yara. Su kansu masu kunna wutar, da ke yini a bakinta, a ba su takunkumi na gaske da ruwan sha, a riƙa musanya su.

Ranku ya daɗe hakimai, da dagatai da masu unguwanni da arɗo-arɗo, ta hannunku saƙon zai isa inda takarda da rediyo ba sa isa. Ku nemi jadawalin ƙunar daga hukumar dajin tun yanzu, kada ku jira a kawo muku. In ya zo, a ba mai shela, a faɗa a masallacin Juma'a da coci da kasuwa, a aika rugage. Kowace unguwa ta san gidajen da ke da jarirai da tsofaffi da masu ciwon ƙirji, a san mai babur ko mota da za a iya tasa da tsakar dare, a ajiye lambarsa a wayar kowane magidanci, shi kuma ya kwana da mai a tankinsa. Ma'aikatan asibitocin karkara su duba abin da suke da shi na maganin asma da na ciwon haƙarƙarin yara a wannan mako, abin da babu su rubuta wa ƙaramar hukuma tun kafin a kunna wutar farko.